Ɗakin da Amarya Ta Share

Kafin in je Masar ban taɓa sanin mutum zai iya kwana da safa a ƙafa ba. A Kano idan aka ce ana sanyi, ana nufin ka ɗan jira rana ta ɗaga kafin ka yi wanka. Na Alƙahira kuwa cikin ɗaki yake zama da kai, ya shige tayil, ya shige bango, har ka fita ka tarar titi ya fi gadonka ɗumi. A lokacin maigidana yana karatun digiri na biyu, muna zaune a unguwar Hayyin Ashir, can saman wani bene da ba shi da lifta. Sanyin nan ne ya kai ni cikin matan bargo.

Ba wata ƙungiya ce mai rajista ba, ko suna ba mu da shi. Mata ne 'yan kaɗan, yawancinmu matan ɗalibai daga Najeriya da Nijar, sai wasu Hausawan Sudan. Ƙyallayen atamfa muke haɗawa mu ɗinke, mu shimfiɗa auduga a tsakani, mu bi da allura layi-layi, ya zama bargo mai nauyi wanda idan ka shige ƙarƙashinsa sai ka yi da gaske kafin ka fito sallar asuba. Shugabarmu wata dattijuwa ce da ke unguwar Ard al-Liwa, kowa Hajja yake ce mata. A Sudan aka haife ta, kakanninta ne suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma Hausarta ta fi tawa tsufa, wani lokaci sai ta faɗi kalmar da rabona da ita tun bakin kakata. Ba wanda ya zaɓe ta. Ita ce dai idan ta kalli ɗinkinki ta yi shiru, da kanki za ki nemi reza ki warware.

Duk shekara idan sanyi ya kankama muna yin abin da muke kira zagaye. Mu bi gidajen juna mu ga inda kowace take ɗinki, mu ga abin da ke kan kekenta, mu sha shayi, mu yi gulmar farashin tumatir. Kuma zagayen nan yana da doka ɗaya da ba a wasa da ita: ba a share ɗakin ɗinki kafin baƙi su zo. Atamfar gida tsada gare ta a Masar, sai wani ya zo hutu ya dawo da ita, yadin shagunansu kuwa ba ya da irin fentin da idonmu ya saba da shi. Saboda haka duk guntun da ya faɗo daga almakashi dukiya ne. Da can, in ji su, mai gida ce ke rabawa da hannunta, sai aka wayi gari leshi yana tafiya wajen ƙawaye, sauran a bar su da zaren bakin zane. Da ƙorafi ya yi yawa Hajja ta yanke hukunci. Idan zagaye ya kusa, abin da ya faɗi ƙasa a bar shi inda ya faɗi, kowace baƙuwa ta zo da jakarta ta tsinta da kanta. Wadda ɗakinta ya fi hargitsi ita ce mai kyauta. A wannan zagayen ne kuma ake karɓar sabuwar shiga, idan Hajja ta ga ɗakinta ta gamsu.

A sanyin ƙarshen shekarar 2013 aka kawo wata yarinya daga Gusau, aka sauke ta a ƙofar da ke kallon tawa. Mijinta ɗalibi ne, irin waɗanda daga lacca sai zaman karatu a masallaci, daga nan sai ɗakin littattafai. Amarya muke kiranta, har yau ma haka nake kiranta. Ba ta jin Larabcin titi, tana tsoron ƙananan motocin hayar da suke kira mikrobas, tana tsoron matar mai gadin bene saboda da ihu take gaisuwa. Ta zo da ƙaramin keken ɗinki cikin kayanta, shi ne abokin hirarta. Tsabar zaman kaɗaici ya sa ta bi kayan lefenta ɗaya bayan ɗaya tana ɗinkewa, riga da zane, doguwar riga, har da waɗanda ba ta da wurin sakawa. Wata rana na shiga aron ashana na same ta zaune a bakin gado, ido ya kumbura.

Ta ce, “Yaya, na gaya masa. Yana gama jarrabawar ƙarshen shekara zan bi masu tafiya hutu. Kuma ba zan dawo ba, ya ƙarasa karatunsa ya same ni a gida.”

“Shi me ya ce?”

“Ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.”

Raina ya ɓaci ƙwarai, da shi da ita da garin baki ɗaya. Ba don ita kaɗai ba, har da kaina. Shekaruna a benen nan ban da wadda zan ƙwanƙwasa wa ƙofa in yi Hausa da ita ba tare da na sa hijabi na sauka titi ba. Tun zuwanta nake dafa miyar kuka da ɗan yawa don na san akwai mai taya ni yaba ta. Ina so ta zauna, kuma na san abin da ya zaunar da ni a shekarata ta farko, matan nan ne da surutunsu. Na dubi ƙasan ɗakinta, sai na ga abin da ya sa na manta da ashanar. Guntayen atamfa masu tsada, leshi mai duwatsu, shadda ruwan zuma, duk a zube kamar ba kowa ke so ba.

A taronmu na gaba na kai maganarta. Ban tsaya a nan ba, na ƙara gishiri yadda ya kamata. Na ce akwai ɗakin da in suka shiga sai sun nemi ɗan dako. Wata Bazazzagiya a cikinmu, wadda ba ma haɗuwa ba mu taɓa juna ba, ta ce ai Bakano ko kunu yake talla sai ya ce da madara aka dama. Na ce ta zo da buhu ta gani, in dai Zage-zagi sun san yadda leshi yake. Hajja ta ce, “Tamam, ya yi. A sa ta a ƙarshe, ranar da za mu yi Ashir.”

Na hau bene da gudu na gaya wa Amarya. Ta yi murna har ta rasa inda za ta sa hannunta. Na ce, “Amma ki ji ni da kyau. Kada ki share ɗakin nan. Yadda yake ɗin nan haka ake so, tsinta za su yi.”

Ta yi dariya ta ce, “To, Yaya.”

Makon farko Ard al-Liwa muka yi, ita ba ta je ba tunda ba ta riga ta shiga ba. Tafiya ce mai cin rai, mikrobas zuwa metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, metro zuwa ƙetaren kogi, sannan a tsallaka titin jirgi a shiga tuk-tuk, adaidaita sahunsu, da ke ratsa lungu kamar zai ɗebi kayan masu lemo. Ɗakin Hajja a saman rufin bene yake, kusa da kejin tantabarun mai gidan. Kekenta na ƙafa ne, baƙi, tsoho, kuma a shekarar nan da ake yawan ɗauke wuta ita kaɗai ce ɗinkinta bai taɓa tsayawa ba, abin da ba ta gajiya da tuna mana. Ta jera zarenta a gwangwanayen halawa, ta rataye almakashinta da igiya a jikin keke don kada wata ta yi masa aron da ba ya dawowa. Ta dafa mana gahawa mai citta a butar ƙasa, muka durƙusa muna tsintar guntayen lafaya masu santsi da ba sa jin allura, muna yi muna yabawa don tana kallo.

Ranar Ashir da gidan Bazazzagiya muka fara. Ita a baranda take ɗinki, ta toshe ta da leda mai kauri saboda iska, sai ka ga mutum a ciki kamar kifi a kwalba. Mutum biyu ne ke iya shiga a lokaci ɗaya, sauran mu tsaya a falo muna ihun a bar mana. Daga nan sai wata 'yar Maraɗi da ta ɗora kekenta a kan tsohon firji da aka kwantar, zare da allura a cikin aljihun kayan miya. Sai nawa, wanda ba ɗaki ba ne, lungu ne tsakanin kantocin littattafan maigidana. Mun daɗe da yin sulhu da shi: daga Tafsiri zuwa taga nasa ne, daga Nahawu zuwa ƙofa nawa. Bazazzagiya ta zaro wani guntun atamfa da na sa wa maigidana alamar shafi da shi a cikin wani ƙaton littafi, ta ce wannan ma ai a ƙasa yake, ƙasan shafi. Muka yi ta kokawa, Hajja na cewa, “Yalla, yalla, rana na tafiya.”

Kowace jakarta ta yi rabi, kuma kowace ta bar wuri da gangan. Bazazzagiya da gaske buhun shinkafa ta ninke a hammata. Na wuce gaba, na ƙwanƙwasa ƙofar Amarya ina ji da kaina.

Ƙamshin turaren wuta ne ya fara tarbar mu, sai na sabulun wanke ƙasa. Tun ban shiga ba na san akwai matsala. Amarya ta buɗe ƙofa cikin kwalliya, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Hajja, ta yi mana jagora zuwa ɗakin. Tayil yana ƙyalli. An lulluɓe keken da farin mayafi, an ɗora masa furen roba. Ko silin zare babu. A tsakiyar ɗakin ta shimfiɗa ledar cin abinci, ga fanke, ga zoɓo, ga dambun nama da na san tun daga Gusau take tattalinsa.

Mata suka tsaya cirko-cirko da jakunkuna a hannu. Ba wadda ta zauna. Na ga Bazazzagiya na ƙoƙarin tura buhunta bayan zane. Hajja ta bi ɗakin da kallo, kusurwa zuwa kusurwa, har ƙarƙashin gado, sannan ta juyo gare ni ba ga Amarya ba.

“Ba ki gaya mata ba?”

“Wallahi na gaya mata, Hajja.”

Sai ta dubi yarinyar. “Ya bitti, 'yata, idan kayanki ne kike so, ai sai ki ce kina so. Ba mai ƙwace miki. Amma ba a kiran mutane su hau wannan bene a ɓoye musu.”

A nan Amarya ta gane ana zarginta da rowa. Fuskarta ta canza. Ta ce ita ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ta ɗauka zolayarta nake yi, tunda kullum cikin zolaya nake, kuma ko a gida baƙo cewa yake kada a wahala, amma ba mai barin tukunya a kife saboda ya faɗa. Ta ce jiya ta kira mahaifiyarta ta shaida mata manyan mata za su zo, mahaifiyar ta ce ko zare ɗaya aka gani a ƙasa ita aka zaga. “Yaya za a yi babba kamar Hajja ta durƙusa tana tsintar shara a ɗakina?”

'Yar Maraɗi ta tambaya a hankali, “To ina sharar?”

“Mai kwasar shara ya zo da safe. Na ba shi duka.”

Bazazzagiya ta yi salati ta ruga taga, ta leƙa har rabin jikinta a waje, kamar mutumin zai tsaya jiranta da leshi a bakin titi tun safe. Wata ta dafe kai ta zauna a bakin gado. Ni kuwa dariya ce ta taso mini tare da kuka, na rasa wacce zan bari ta fito. Ina kallon yarinyar ina cewa a raina shi ke nan, ta tafi. Wadda ta kwana tana goge tayil don ta burge mutane, aka ce mata marowaciya a gaban kowa, me zai sake zaunar da ita a garin nan?

Ban ankara ba ta janyo akwati daga saman kabad. Ta zaro turmin atamfa guda, sabo fil, ko lambarsa ba a ɓare ba, shuɗi mai zanen ganye. Na san shi, shi ne na ƙarshe a lefenta, ta ce ta ajiye shi ne ta ɗinka ranar komawa gida. Ta warware shi a tsakar ɗaki, ta ɗauko almakashi, hawaye na zuba. “Bari in yanka muku. Yanzu zan yanka, kowa ta samu.”

Ɗakin ya kaure da ihu. Bazazzagiya ta baro taga tana cewa a riƙe ta, a riƙe ta, turmi guda ne fa. Hajja ce ta riga kowa, duk da ciwon gwiwarta. Ta kama hannun ta karɓe almakashin, ta sa a jakarta kamar nata.

“Khalas, ya isa. Mu ba yanka mana ake yi ba. Abin da aiki ya bari muke ɗauka.” Ta tsaya tana kallon yarinyar, sannan ta kalli gadon, inda wani siririn bargon kanti yake a ninke. Ta taɓa shi da yatsa biyu. “Da wannan kike kwana?”

“Eh, Hajja.”

“A wannan sanyin?”

Amarya ta gyaɗa kai.

Hajja ta ce, “Ma'alish,” wato a yi haƙuri, kuma ban san ko da Amarya take ba ko da kanta. Ta matsar da farantin fanke gefe da ƙafa. Sai ta kama gindin jakarta ta juye, duk abin da ta tsinta tun safe ya zube a kan tayil ɗin nan mai ƙyalli. Ta karkaɗe jakar har da zaren da ya maƙale. Ta dube mu.

'Yar Maraɗi ce ta fara bi, sai sauran, sai ni. Bazazzagiya ta ɗan tsaya tana rungume da tata, don ranar ta yi sa'a, amma da Hajja ta kafe ta da ido ta juye, tana cewa Allah ya isa tsakaninta da mai kwasar shara da kuma Kanawa masu talla. Kafin ka ce me ɗakin ya koma yadda na san shi, har ya fi.

Hajja ta ce wa Amarya, “To, 'yata, durƙusa ki tsinta. Yau ke ce baƙuwa. Ki zaɓi waɗanda idonki ke so, sauran mu kwashe abinmu.”

Ta durƙusa tana kuka tana dariya, majina da kwalli duk sun haɗu. Da farko ƙanana take ɗauka don kunya, sai Bazazzagiya ta tsuguna kusa da ita tana tura mata manya, tana cewa ta bar wancan, na Bakanuwa ne, zuba zai yi. Hajja ta sa aka yaye mayafin keke, aka sauke furen roba. Ta auna turmin da hannu ta ce ba za a taɓa shi da almakashi ba, shi ne zai zama bayan bargon da za a ɗinka wa Amarya, ɗungurungum. Muka baje a ƙasa muna jera guntaye, wannan ta ce ja ya yi yawa a nan, waccan ta ce a raba kore da kore. Aka ɗauke wuta, muka koma allurar hannu a bakin taga. Fanke ya ƙare, dambun nama ko ƙura ba a bari ba, wata ta kifar da zoɓo a kan tayil, Amarya ta zabura za ta ɗauko tsumma, muka haɗa baki muka ce ta zauna. Ba wanda ya ce an karɓe ta. Da za su tafi dai Hajja ta mayar mata da almakashinta, ta ce Alhamis mai zuwa ta zo Ard al-Liwa da allurarta, akwai ragowar auduga a wurinta da za ta ishi wannan bargon, kuma in ta makara ba za a jira ta ba.

Na tsaya taya ta wanke kofuna. Ita tana zaune a ƙofar kicin, rabin fuskar bargon a cinyarta, tana bin ɗinkin Hajja da yatsa. Zare ya maƙale mata a ɗankwali, ban gaya mata ba.

Can ta ce, “Yaya, wai ita audugar nan yaushe take arha?”

Na ce, “Sai bayan zafi ya wuce, wajen watan goma, in an gama cire ta a gona. Da sauran lokaci sosai.”

Na faɗa ne kawai, sai da maganar ta fita na tuna cewa masu tafiya hutu tun farkon zafi suke tashi. Na ci gaba da cuɗa kofin da na riga na wanke, ban juyo ba.

Ta yi lissafi da yatsu. Sannan ta ce, “To in lokacin ya yi ki kai ni. Guda biyu nake so in yi baɗi, wannan ɗaya ba zai ishe mu ba.”

Na ce to. Na buɗe famfo da ƙarfi don kada ta ji muryata, na tsaya a nan ina kuka a kan kofunan mutane, farin ciki ya cika ni har wuya.